Ciroman Katsina da Mazan Jiyan Narayi

Hassan Usman Katsina yana da shekara 32 a duniya aka ɗora masa Jihar Arewa gaba ɗayanta, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Katsina zuwa Ilori da Makurɗi. Saboda ku na fara da shekarun, ƙannena da 'ya'yana na Narayi da Barnawa da Sabon Tasha. Wasunku sun kusa kai waɗannan shekarun, wasu sun wuce, amma har yau ana ce muku yara kuna amsawa. Sunan mutumin ba baƙonku ba ne. Shi aka sa wa wurin shaƙatawa na Gamji da ke tsallaken kogi, da gidan gwamnati na Kawo, da kwalejin fasaha ta Katsina. Sai dai in an tare ɗayanku a mahaɗar High Cost aka ce wane ne shi, iyakar amsar ita ce wani tsohon soja ne. To, tsohon soja ne, kuma akwai irinsa marasa suna a layinku. Ta kansa nake so in bi in iso kansu.

An haife shi a Katsina a 1933, ɗan Sarki Usman Nagogo, jikan Sarki Muhammadu Dikko. A zamanin da ya tashi ɗan babban gida ba ya sha'awar kaki. A biranen Hausa ana yi wa aikin soja kallon mafakar wanda gida ya kasa riƙewa. Amma gidan Nagogo ya san soja ta wata fuskar, don a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Sarkin da kansa ya tafi har Indiya da Bama ya gano sojojinmu. Hassan ya yi Kwalejin Barewa, ya shiga soja a 1956, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya dawo hafsa, ya je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Farkon 1966 ya same shi yana Manjo, yana riƙe da rundunar motoci masu sulke a nan Kaduna.

Daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, Manjo Chukwuma Nzeogwu da yaransa suka far wa gidan Firimiya. Aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu. A cikin garin nan kuma aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde. A Ikko aka tafi da Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam. Manyan hafsoshin Arewa kusan duk suka ƙare a dare ɗaya. Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ya kuma san Hassan sarai. Ya same shi da bindiga a hannu, ya nemi ya faɗi ɓangaren da yake. Hassan ya nuna masa suna tare.

Na sha jin samari suna cewa ai nan ya ba da maza. Ni ban yarda ba, kuma ina so ku tsaya ku auna. Da ya ja da mai bindiga a wannan safiya, an ƙara gawa ɗaya a kan na dare, motocin sulke sun koma hannun wani, Arewa ta rasa ɗaya daga cikin 'yan hafsoshin da suka rage mata. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, kwana biyu zuwa uku juyin mulkin ya sukurkuce, Nzeogwu ya miƙa wuya ga Janar Aguiyi-Ironsi, aka naɗa Hassan Gwamnan Soja na Arewa. Mai zuciya a kusa ba ya kai wa wannan matsayi, domin tun da hantsi an binne shi. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma yawancin masu cika bakin da nake ji a majalisar mai shayi ƙarar tayar da ta fashe ta ishe su watsewa.

Abin da ya yi da kujerar shi ne na biyu da ya kamata ku lura da shi. Ya san shi yaro ne a gaban aikin, bai kuma ɓoye ba. Ya jawo Sir Kashim Ibrahim, gwamnan farar hula da aka sauke, ya zama mai ba shi shawara. Ya jingina da manyan ma'aikata irin su Ali Akilu, wanda kuke bin titinsa kullum in za ku Kawo. Soja mai bindiga ya zauna yana sauraron dattawa masu alƙalami, ba don ba shi da ikon korarsu ba.

Ba zan yi muku kwalliya da shekarar 1966 ba. A ƙarƙashin mulkinsa aka yi abin da har gobe kunya ne a tarihin Arewa. Bayan Doka ta 34 da Ironsi ya kafa a watan Mayu, wadda ta rushe jihohi ta haɗe mulki wuri ɗaya, tarzoma ta tashi a garuruwanmu. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama juyin mulki, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Badun. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo, maƙwabta da abokan ciniki da ma'aikatan jirgin ƙasa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Gwamna bai iya hanawa ba, kuma wanda aka ba amanar ƙasa ba ya wanke hannunsa tas daga jinin da ya zuba a cikinta. Wannan yana cikin lissafinsa. Amma akwai wani abu shi ma a cikin lissafin. Ranar 1 ga Oktoba sojojin Bataliya ta 5 a Kano suka bijire wa hafsoshinsu, suka bazu filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari suna kisa. Hassan ya tashi daga Kaduna ya tafi Kano da kansa, ya tunkari sojojin da suka riga suka ɗanɗana jini, waɗanda ba su ƙi su haɗa da shi ba. Mutumin da ya sunkuyar da kai a gaban bindiga ɗaya a Janairu, shi ne ya shiga tsakiyar ɗaruruwa a Oktoba. A na farko ransa kaɗai zai salwanta a banza. A na biyu rayukan wasu ne a kan siraɗi. Sanin bambancin waɗannan ranaku biyu shi ne abin da nake yi muku kwaɗayi, ya fi ƙarfin damtse wuyar samu.

Ya je Aburi a Gana a Janairun 1967 tare da Shugaban Ƙasa Gowon da Ojukwu na Gabas da sauran gwamnoni, sulhu bai ɗore ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu aka yanka daga Arewa. Wato kujerar Hassan ce aka farfasa, ya kuma yarda. Jama'ar Filato da Binuwai da sauran ƙananan ƙabilu sun daɗe suna neman a ba su nasu, a hannunsa abin ya tabbata. Ya koma shugaban hukumar riƙon ƙwarya mai kula da dukiyar da jihohin shida suka gada tare, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da jaridar New Nigerian da gidan rediyon Kaduna. Daga 1968 zuwa farkon 1971 shi ne Babban Hafsan Sojan Ƙasa. Rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba kafin yaƙin basasa ta kumbura ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa. Kakanninku da yawa suna cikin wannan adadin, zan dawo kansu.

Yanzu bari mu je wajen dawaki, don wanda bai san Hassan a kan doki ba rabinsa ya sani. Kakansa Dikko ne ya ga wasan folo a Ingila a farkon shekarun 1920 ya kawo shi Katsina, ya sa 'ya'yansa suka koya. Nagogo ya zama gwanin da har Turawa ke sara masa. Hassan ya tashi a cikin wannan, ya yi wasan har girma ya kama shi, ya kuma shugabanci ƙungiyar folo ta ƙasa. Filin kulob ɗin Kaduna na nan kusa da Dandalin Murtala, inda ake fafata Kofin Georgian tun 1919. Na san abin da za ku ce, wasan masu kuɗi ne, mu ko akuya ba mu ajiye ba. Gaskiyarku. Amma ku saurari yadda ake yin sa. Mutum huɗu ne kowane ɓangare. Ana yin zango-zango na minti 7, a sauka a sake doki, don ba a yarda ka kashe dabba saboda kwaɗayin ci ba. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda, ko kai bahago ne. Babbar dokar kuwa ita ce ta layin ƙwallo: inda ƙwallo ta bi ta shata hanya, wanda ya hau hanyar nan shi ke da ita, in ka gitta masa ka yi laifi, ko da kai ne ɗan Sarki, ko da kai ne Janar. Dalili a fili yake. Dawaki biyu a guje in suka yi karo, ba wanda zai tashi ya yi gardamar wa ke da gaskiya.

Doki kuma ba ya jin sarauta. In ba ka tashi da asuba ka duba ƙafarsa ba, ka tabbatar an ba shi harawa da dawa da kanwa, an shafe shi an zagaya da shi, ranar wasa zai tona maka asiri a bainar jama'a. In ka cika fizgar linzami bakinsa ya mutu, in ka sake masa ya tafi da kai. Ni a ganina a nan Hassan ya koyi abin da ya yi amfani da shi a 1966. Ƙuruciya ingarma ce, ba wanda ya ce ku daddage ta, linzami kawai ake nema a hannunku.

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓare Gowon yana taro a Kamfala, Murtala Muhammad ya hau, aka yi wa manyan janar-janar ritaya. Hassan na cikinsu, yana Manjo-Janar, shekararsa 42. Murtala ƙaninsa ne a aiki, a ƙarƙashinsa ya yi yaƙi. Bai tara yara ya ƙulla wani juyin ba, bai tsallaka waje yana zage-zage ba. Ya tuɓe kaki ya sa babbar riga, ya zauna a Kaduna cikin iyalinsa da dawakinsa. Da Sarki Nagogo ya rasu a 1981, sarauta ta tafi ga yayansa Muhammadu Kabir Usman. Wanda ya taɓa mulkin dukkan sarakunan Arewa ya ci gaba da zama Ciroma, yana faɗuwa gaban yayansa yana gaisuwa. Ku da ke sheƙa rigima da 'yan'uwanku a kan ɗaki biyu da shago ɗaya da mahaifi ya bari, har a kai ga kotu a daina gaisawa, ku riƙe wannan. Abin da tsofaffin Kaduna suka fi tuna shi da shi kuwa ba muƙaman ba ne. Sukan ce ƙofarsa ba ta rufuwa, tsohon kurtu da tsohon minista duk sukan samu wurin zama, hannunsa kuma ba ya riƙe kuɗi. Ya rasu ranar 24 ga Yuli 1995 yana da shekara 62. Allah Ya jiƙansa. Shekara 19 ya yi cikin kaki, ya yi 20 bayan ya tuɓe, kuma na biyun ne suka tabbatar da na farkon.

To, shi ɗan Sarki ne, an rubuta shi a littattafai. Mu gangaro unguwa.

Akwai dattijon da kuke kira Baba Soja, ko Saje, ko Samanja, ba ku ma san sunansa na yanka ba. Shi ne wanda ya share ƙofar gidansa kafin kowa ya tashi, takalminsa tsoho amma yana ƙyalli, yana tafiya kafaɗa a miƙe ko da gwiwa ta ƙi. Yawancin ƙananan sojojin ƙasar nan tun zamanin Turawa ba daga birane aka ɗebo su ba. Daga Zuru aka ɗebo su, da ƙasar Tibi, da Angas, da Bachama, da Bajju da Atyap da Jaba, da Barebari da Zabarmawa da talakawan ƙauyukan Hausa. Hausa ce ta haɗa su a bariki, da ita aka yi musu fareti shekara da shekaru, shi ya sa kakan da bai taɓa kwana Kano ba yake zuba ta da wani irin lanƙwasa da kuke yi wa dariya. Waɗanda suka fi su tsufa sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japanawa a dazukan Arakan, da yawansu da kaya a ka inda mota da alfadari ba sa shiga. Barikin Kalapanzin da na Dalet a nan Kaduna, da na Chindit a Zariya, duk sunayensu daga can aka zo da su. Wannan rukunin kusan duk sun kwanta dama. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967 an sake kiran wasunsu, aka haɗa su da samari 'yan shekara 18 da aka yi wa horon 'yan makonni aka tura Nsukka da Inugu da bakin Anaca. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda iyayenku suka sani da Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin, yana cikin waɗanda suka amsa kiran a lokacin, sojan gaske ne kafin ya zama na wasan kwaikwayo. Ya rasu a nan Kaduna a Nuwamban 2023. Yaron da ya shiga a 1968 yau ya haura shekara 70 da nisa. Bayansu akwai 'yan Laberiya da Saliyo na shekarun 1990, da waɗanda suka dawo daga Sambisa da Tafkin Chadi, wasu ma sa'o'in yayyenku ne.

Da aka sallame su, da yawa ba su koma ƙauye ba. Masaƙun Kakuri na aiki, ga Peugeot, ga matatar mai, tsohon soja ba ya rasa aikin gadi ko tuƙi. Suka sayi fili a wajen Gbagyi masu ƙasa tun Narayi na gonaki, suka ɗora ɗaki ɗaya-ɗaya da kuɗin sallama. Masaƙun suka mutu a farkon shekarun 2000, aka bar su da fansho. Gidan da kuke haya, ko wanda aka haife ku a ciki, wataƙila da irin wannan gumin aka gina shi.

Ga abin da na lura da shi, ku ma ku gwada ku gani. Wanda ya je bakin daga da gaske ba ya son hirar yaƙi. In kun matsa masa, sai ya ba ku labarin yunwa, da ruwan sama, da ƙwarkwata, da abokin da suka raba garin kwaki da safe. Mai ba da labarin yadda ya harbe mutum goma yana dariya, galibi a kicin ya yi nasa yaƙin. Garin nan ya ga rikicin Fabrairun 2000, ya ga na Nuwamban 2002, ya ga na Afrilun 2011. Kafin nan Musulmi da Kirista suna cuɗe a Tudun Wada da Rigasa da Kakuri da Narayi, bayan nan kowa ya kwashi kayansa ya bi nasa, kogi ya zama iyaka. Yawancinku bayan rabuwar kuka yi wayo, kun ɗauka haka Allah Ya halicci Kaduna. Ba haka take ba. A duk waɗannan ranaku samari ne aka tura gaba, samari aka binne, waɗanda suka zuga su kuwa suna nan suna cin tuwonsu. Tsohon soja ya kwana rami ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, ya sha ruwa a gorarsa, wataƙila shi ya ɗauko shi a kafaɗa da aka harbe shi. In saƙo ya shigo wayarku cewa ga su can sun taso, kafin ku tura wa wani, kafin ku ɗauki gora, ku kai wa Baba Soja ya gani. Zai tambaye ku wa ya gani da idonsa, a ina, ƙarfe nawa. Tambayoyin da aka koya masa ke nan kafin a ba shi harsashi, kuma sau da yawa a kansu jita-jita ke mutuwa.

Batun fita waje kuwa, ba zan ce muku ku shiga daji ba, don na san halin da ake ciki. Narayi a Ƙaramar Hukumar Chikun take, kuma Chikun ce ta ga satar ɗaliban Bethel Baptist a 2021 da na Kuriga a 2024. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, da a da ake zuwa kallon namun daji, ya daɗe da fin ƙarfin mai yawon buɗe ido. Iyayenku sun yi farautar gafiya da zomo a inda yau gidaje ne ko kuma ba a shiga. An ƙwace muku wannan, ba laifinku ba ne. Amma abin da ya rage ma ba ku taɓa shi ba. Bakin kogi na nan, da rani masu lambu na neman hannu, kuma wanda ya yi wata uku yana ban ruwan alayyafo da tumatir zai san abin da jikinsa zai iya. Masu fatsa na nan, za su koya muku zama shiru, abin da waya ta raba ku da shi. Sai dai ku ji tsoron kogin nan a Agusta da Satumba, ya ci gwanayen iyo ba ɗaya ba. Dandalin Murtala a buɗe yake da sassafe. Bayan gida akwai inda za a kafa kunya biyar ta masara ko a ɗaure tunkiya. Boys' Brigade da Girls' Brigade da 'yan sikawut da 'yan agaji na masallatai duk suna koyar da tashi da wuri da tsayuwa a layi da ɗaure rauni. Abin da nake gudar muku shi ne ƙungiyar da ke kiran kanta 'yan farauta alhali ba ta taɓa kamo ko kurege ba, sai ƙwaya da gariyo da tare lungu. Maharbin gaske yana da dokoki, ba ya harbin mai ciki, ba ya nuna makami ga mutum, yana da babba da yake jin maganarsa. Sara-suka ba ta gaji ko ɗaya daga ciki ba.

Mai sha'awar shiga soja kuma, namiji ko mace, ya shiga da ido biyu. Aiki ne na mutunci, kuma ana mutuwa a cikinsa. Neman shiga kurtu kyauta ne, ta intanet ake yi, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunanku a Defot na Zariya ko NDA ɗan damfara ne.

Saura gida, inda maganar ta fi nauyi. Ba kowane tsohon soja ne uban kirki ba, kar in yi muku ƙarya, wasunku a hannunsu kuka tashi kun fi ni sani. Akwai wanda ya mai da gidansa bariki, 'ya'ya na jin takunsa su shige ƙarƙashin gado. Akwai wanda fanshonsa ke ƙarewa a gidan burkutu kafin sati ya zagayo. Akwai mai firgita cikin dare yana kiran sunayen da ba wanda ya sani, ko ya kwanta ƙasa in yara suka fasa abin ƙara lokacin Kirsimeti. Da can sai a ce yaƙi ne ya taɓa shi, a yi dariya a wuce. Ciwo ne, yana da magani, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, tafiyar Keke Napep ɗaya daga gidajenku, ga kuma Asibitin 44 na soja. Raka uba ko yaya can ba tona masa asiri ba ne. Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka ga duk abin da waɗancan suka gani, suka dawo suka ajiye shi a bakin ƙofa. Za ka ga mutumin da ya yi wa ɗaruruwan maza tsawa a filin fareti yana zaune jika na ja masa gemu. Ya aurar da ƙannensa, ya riƙe marayun abokin da bai dawo ba, ya biya kuɗin makaranta da albashin gadi. Ba a ba da lambar yabo a kan wannan, amma in aka tara 'ya'yan unguwar nan da suka zama malamai da nas-nas da injiniyoyi, za a tarar da yawa daga irin waɗannan ɗakunan suka fito.

Abin da zan roƙe ku kaɗan ne. Kowace 15 ga Janairu ana Ranar Tunawa da Mazan Jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, Philip Effiong ya miƙa wuya ga Gowon a Barikin Dodan a 1970. Manya su ajiye furanni, a saki tattabaru, 'yan Nigerian Legion su yi fareti da tsofaffin hulunansu, a watse. Sauran kwanakin shekara naku ne. Yanzu harkar fansho ta koma waya da kwamfuta, tantancewa da lambar banki da hoton fuska, kuma dattijon da ya iya kwance bindiga ya ɗaura ido rufe ba ya gane inda zai danna. Ku kuna ganewa. Ku zauna da shi ku cike masa, ku raka shi banki, kar ku karɓi ko na ruwa, kar kuma ku riƙe lambar sirrinsa. Ku duba takardunsa ku ga sunan wa ya rubuta a matsayin magaji, don gwauraye da yawa sun sha wuya saboda sunan da ke takarda na wani ɗan'uwa ne da ya rasu tun tuni. In ya saki jiki da ku, ku nemi izininsa ku ɗauki muryarsa a waya: garin da aka ɗauke shi, bataliyarsa, wa ya horar da shi, ina ya fara jin ƙarar igwa, me ya fara saya da ya dawo. Inda ya yi shiru ku bar shi, kar ku tono.

In kun gama da shi ku koma wajen Mama, ita kaɗai, ba a gabansa ba. Ita ce ta zauna a ɗaki ɗaya na bariki wata 30 tana jiran wasiƙa, tana soya ƙosai ko tana dama kunu a kasuwar mami, tana kai ƙara wajen Magajiyar bariki in rabon albashi ya makara, tana kallon motar da ke shigowa da sunayen waɗanda suka faɗi. Ita ta san shekarar da ya daina firgita, da wanda ya ranta musu kuɗin kwanon rufi, da dalilin da ya sa aka sa wa babban yayanku sunan wani Bayarabe ko Bazuru da ba danginku ba. Ku je da rana bayan ta sauke tukunya, ku tafi da goro ko sabulu, ku ce, "Mama, mun zo ki ba mu labarin zaman bariki." Da fari za ta ce ba ta da abin faɗa. Ku gyara zama, ku tambaye ta nawa ne albashinsa a watan da aka ɗaura musu aure.